Izini suna ya tara: fashin baƙi kan “approved” da 'yan uwanta a Turancin hukuma

Shekaru kaɗan da suka wuce 'yar yayata ta gama wata makarantar koyon aikin lafiya mai zaman kanta. Shekara uku tana zuwa ba fashi. Uwarta ta sayar da tumakinta da wani ɗan kunnen zinare da ta gada, aka biya kuɗin makaranta har ƙarshe. Da lokacin jarabawar ƙwararru ya zo, wadda sai mutum ya ci ta ake ba shi lasisin aiki, sai aka ce sunayensu ba su shiga ba. Ta kira ni tana kuka: “Kawu, wallahi a jikin allon makarantar an rubuta gwamnati ta amince. Kullum da idona nake gani.” Na je na ga allon. Da manyan baƙaƙe an rubuta “Government Approved”. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ƙarya suka rubuta ba. Ma'aikatar jiha ta ba su takardar buɗe makaranta. Abin da ba su da shi wata kalma ce dabam, “accreditation”, daga hukumar ƙasa mai kula da wannan sana'a, kuma ita ce kalmar da ke kai ɗalibi ɗakin jarabawa.

Fassara ce sana'ata, tsakanin Turanci da Hausa, kuma tun daga wannan rana nake jin nauyin laifin da mu masu fassara muke da shi a cikin irin wannan asara. Turanci yana da tarin kalmomi da ke nufin hukuma ta yarda da abu: “authorized”, “approved”, “licensed”, “permitted”, “accredited”, “certified”, “registered”, “sanctioned”, sai kuma “legal” da “lawful” da “legitimate”. In ka buɗe ƙamus za ka ga an jera su wuri ɗaya kamar duk kanwar ja ce. Mu kuma a rediyo da jarida sai mu zuba su a tukunya ɗaya, mu ce “an amince” ko “an ba da izini”, mu wuce. Alhali a bakin lauya da jami'in gwamnati kowacce da iyakarta. Wata tana nufin an rubuta sunanka a littafi kawai. Wata tana nufin an gwada ka an ga ka iya. Wata kuma, kamar yadda za mu gani, tana iya nufin an hukunta ka.

Me ya sa suka yi yawa haka? Tarihin Ingila ne ya tara su. A 1066 Normawa masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, kuma ɗaruruwan shekaru bayan nan fada da kotu da Faransanci suke magana, ana rubuta takardu da Latin, talaka kuma yana can da Turancinsa. A 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Turanci, amma sai a 1733 aka daina rubuta bayanan kotu da Latin. Don haka kusan duk kalmomin izini na hukuma daga Latin suke, yawancinsu ta hanyar Faransanci. Sanin tushen nan yana da amfani, domin har yau kowace kalma tana ɗauke da warin gidan da ta fito.

Mu fara da “registered”, don ita ce mafi rauni a cikinsu, kuma ita ce 'yan damfara suka fi so. Ma'anarta an shigar da suna a rajista. Shi ke nan. Hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, CAC, wadda aka kafa a 1990, in ta ba ka takarda abin da take cewa shi ne akwai kamfani mai wannan suna, ga masu shi, ga adireshinsa. Ba ta ce kamfanin na da ikon karɓar ajiyar kuɗin jama'a ba, wannan lasisin Babban Bankin Najeriya ne. Ba ta ce yana da ikon tara kuɗin mutane da sunan zuba jari ba, wannan hurumin SEC ne, hukumar kula da hada-hadar hannayen jari. Amma sau nawa aka nuna wa mutanenmu takardar CAC a cikin gilashi, a ofis mai sanyi, aka ce “ga shi gwamnati ta san da mu”? Gaskiya ne ta san da su, kamar yadda mai unguwa ya san da baƙon da ya sauka a unguwarsa. Sanin mutum ba lamunce masa ba ne. Lokacin da tsarin zuba jari ta intanet mai suna CBEX ya rushe a Afrilun 2025 da kuɗin dubban mutane, hukumar SEC ta bayyana cewa ba shi da rajista a wurinta. A nan akwai wani abin lura: ita rajistar SEC, ko da yake kalmar ɗaya ce, tana da nauyin lasisi, domin sai an cika sharuɗɗa ake samunta, kuma ana bin diddigin mai ita. Ke nan kalmar “registered” ita kaɗai ba ta gaya maka komai ba sai ka ji rajista da wa.

Haka abin yake a magani. Lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, ta zama kamar hatimin aminci a idon jama'a, kuma ta cancanci hakan. Sai dai ba duk lambobin ne daidai ba. Magungunan gargajiya da yawa matsayin da ake ba su shi ne “listed”, kuma za ka ga harafin L a ƙarshen lambar. Abin da wannan ke nufi shi ne an duba an ga shan sa ba ya cutarwa, amma ba a tabbatar yana warkar da abin da mai shi ke iƙirari ba. Shi ya sa ake rubuta a jikin kwalba, da ƙananan baƙaƙe, cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Mai talla da lasifika a tasha ba zai karanta maka wannan layin ba. Zai ce NAFDAC ta amince yana maganin basir da sanyi da ciwon suga a lokaci guda.

“Licensed” ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Tushenta kalmar Latin “licere”, wato abu ya halatta, kuma daga nan muka aro namu “lasisi” ko “lasin”. Hikimar da ke cikinta ita ce abin asalinsa an hana kowa, sai wanda aka ba takarda. Tuƙin mota, riƙe bindiga, buɗe banki, kafa gidan rediyo, sayar da magani, jigilar alhazai: duk haramun ne a dokance sai ga mai lasisi. Lasisi kuma yana da halaye uku da mutane ke mantawa. Yana da wa'adi, don haka na bara ba lallai ya yi aiki bana ba. Ana iya ƙwace shi, kamar yadda Babban Banki ya soke lasisin 'yan canji 4,173 a rana ɗaya a farkon Maris na 2024. Na uku, wanda ya fi shafar rayukanmu, yana da iyaka. Mai kemis na unguwa da ke da lasisin hukumar harhaɗa magunguna ta ƙasa, PCN, ba ƙarya ya yi ba in ya ce shi “licensed” ne. Amma lasisin nasa na sayar da ƙananan magunguna ne a cikin kwalinsu, irin waɗanda ba sa bukatar takardar likita. Bai ba shi ikon yin allura ba, balle ƙarin ruwa, balle kwantar da mara lafiya a bayan shago. Takardar da ke rataye a bango gaskiya ce, aikin da ake yi a ƙarƙashinta ne ya wuce gona da iri.

Ga mai rubutu, akwai ɗan tarko a nan. A Turancin Birtaniya, wanda shi muke bi a makarantu da takardun gwamnati, suna “licence” ne da c, aikatau kuma “license” da s, shi ya sa ake rubuta “driver's licence” amma “licensed driver”. Amurkawa s suke sa wa duka biyun. Haka “authorised” da “authorized” duk daidai ne, abin da ake so kawai kada ka cakuɗa su a takarda ɗaya.

“Permit” ƙanwar lasisi ce. Galibi izini ne na wani aiki takamaimai, a wani wuri, na wani ɗan lokaci: takardar izinin gini a wannan fili, izinin zama ko aiki ga baƙo, izinin koyon tuƙi kafin a samu cikakken lasisi. Ba ƙa'ida ce mai tsauri ba, akwai wuraren da kalmomin biyu ke shiga gonar juna, amma in ka riƙe cewa lasisi yana bin mutum da ƙwarewarsa, “permit” kuma tana bin aikin, ba za ka yi nisa da gaskiya ba. Ita kuwa “allowed” ta cikin gida ce. Uba yana iya “allow”, malami yana iya “allow”, ba a bukatar hatimi. In sanarwa ta ce “not permitted” maimakon “not allowed”, abu ɗaya take faɗa, sai dai ta sa rigar ofis.

Yanzu ga inda 'yar yayata ta faɗa. “Approved” daga kalmar Latin mai nufin gwadawa a ga kyau take. Wani mai iko ya duba abu ya ce ya yi. Matsalarta ba ta faɗin me aka duba. Gini aka duba? Tsarin karatu? Ko takardar neman buɗewa kawai? “Accredited” kuwa tushenta “credere”, wato gaskatawa, gida ɗaya da “credit”. Ma'anarta hukumar da ke da alhakin ma'auni ta zo da ƙwararrunta, ta ga malamai da ɗakin gwaji da laburare da yawan ɗalibai, ta ce shaidar da wannan wuri zai bayar abin gaskatawa ce. Kuma galibi ba makaranta ake ba ita dunƙule ba, kwas-kwas ake bi. Jami'a ɗaya tana iya samun ta a fannin lissafi ta rasa ta a fannin shari'a.

Dubi yadda hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ke yi. Jami'a mai zaman kanta sai ta samu lasisi kafin ta buɗe ƙofa, kuma na farko-farko an ba da su ne a 1999. Bayan lasisi, kowane sabon kwas sai hukumar ta zo ta duba kayan aiki ta ba da “approval” kafin a ɗauki ɗalibai. Sai kwas ya yi nisa sannan a zo “accreditation”, ita ma kashi uku: “full”, mai shekara biyar, “interim”, mai shekara biyu don a gyara abin da ya rage, da “denied”, wadda ke nufin a dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai. Matakai uku ke nan, kalmomi uku, amma duk a Hausar labarai sai ka ji “NUC ta amince”. Kwalejojin fasaha suna ƙarƙashin NBTE, na horar da malamai suna ƙarƙashin NCCE. Sana'o'in da suka shafi rai da dukiya kuma suna da ƙofa ta biyu: likitanci sai majalisar MDCN ta yarda, aikin jinya da ungozoma sai majalisarsu, injiniyanci sai COREN, shari'a sai majalisar ilimin shari'a. Waɗannan majalisu sukan ƙayyade adadin ɗaliban da makaranta za ta ɗauka. In aka ba ta hamsin ta ɗebi ɗari biyu, to ɗari da hamsin suna karatu ne a makaranta mai cikakkiyar takarda, amma su ɗin ba sa cikin lissafi.

Kusa da wannan akwai “recognised”, wadda ake amfani da ita ga takardun ƙasashen waje. A ƙarshen 2023 ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya fallasa yadda ya samu digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin makonni shida ba tare da ya zauna a aji ba, kuma a farkon Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo. Iyaye da yawa da suka tura 'ya'yansu da zuciya ɗaya sai a lokacin suka gane cewa makaranta ta zama halattacciya a ƙasarta abu ne dabam, Najeriya ta karɓi takardarta kuma abu ne dabam.

Akwai wani ɗan harafi da ke juya ma'anar “approve” gaba ɗaya, kuma na sha ganin ya kayar da masu fassara. “The minister approved the plan” yana nufin minista ya sa hannu, aiki ya tabbata. “The minister approved of the plan” yana nufin abin ya burge shi kawai, ra'ayi ne, ba a sa hannu a komai ba. Haka nan ka kula da kalmomin da ake jinginawa a gefe: “provisional”, “interim”, “conditional”, “subject to”, “in principle”. Babban Banki yakan ba masu son kafa banki “approval in principle”, wato an yarda bisa manufa, je ku cika sharuɗɗa ku dawo. Ba lasisi ba ne, kuma mai riƙe da ita ba shi da ikon karɓar ajiyar ko kwabo.

“Certified” gajeriya ce: wani ya sa hannu ya shaida cewa abu kaza gaskiya ne, ko ya cika wani ma'auni. “Certified true copy” kwafin takarda ne da mai iko ya shaida daidai yake da na asali. Bai shaida cewa abin da ke cikin na asalin gaskiya ne ba.

“Authorized” ita ce ta fi kusa da “izini” namu. Tushenta “auctor”, mai asalin abu, gida ɗaya da “author” da “authority”. Hotonta shi ne mai iko ya ɗebi wani yanki na ikonsa ya danƙa maka, kamar wakilci. Shi ya sa ba gwamnati kaɗai ke yin ta ba. Kamfanin waya yana da “authorized dealer”, asusun banki yana da “authorized signatory”, ƙofar ɗakin tiyata tana cewa “authorized personnel only”. Tarihin rayuwar da aka rubuta da yardar mai shi ana kiransa “authorized biography”, kuma mai karatu mai wayo ya san irin wannan littafi ba kasafai yake tona asiri ba. Fassarar Baibul ta zamanin Sarki James, ta 1611, har yau a Birtaniya “Authorized Version” ake ce mata.

A banki ne wannan kalma ke da haƙora. In ɓarawo ya shiga asusunka ba da saninka ba, wannan “unauthorized transaction” ne. In kuwa ya yaudare ka har kai da hannunka ka tura masa, a harshen banki kai ka yi “authorize”, ko da ƙarya aka yi maka. A Birtaniya har suna aka ba wannan nau'in damfara, “authorised push payment fraud”, kuma sai daga 7 ga Oktoban 2024 aka wajabta wa bankuna mayar wa wanda aka cuta kuɗinsa har zuwa fam 85,000. Wanda ya karanta wa baƙuwar murya lambar sirrin da aka turo masa ta waya, ya je banki yana cewa an sace masa kuɗi, abin da zai fara cin karo da shi ke nan: tambayar ko shi ya ba da izini.

A harkar magani a Amurka kuma “authorized” takan zo ƙasa da “approved”, abin da ya rikita labarai a lokacin korona. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba rigakafin Pfizer “Emergency Use Authorization” a 11 ga Disambar 2020, wato izinin amfani na gaggawa bisa hujjojin da ke hannu. Cikakken “approval” bai zo ba sai 23 ga Agustan 2021. Duka biyun an fassara mana su da “ta amince”, sai masu saurare suka ce, to wadda aka yi a baya fa? Rashin bambance kalmomi biyu ya ba masu yaɗa shakku abin riƙewa, alhali da an ce “izinin gaggawa” a farko, “cikakkiyar amincewa” daga baya, da kowa ya fahimta.

Sai “sanction”, wadda ba ni da shakka ita ce mafi hatsari ga mai fassara, domin tana nufin abu da kishiyarsa. “The government sanctioned the operation” yana nufin gwamnati ta sahale a yi. “The government sanctioned the company” yana nufin ta hukunta kamfanin. Asalinta “sancire”, tsarkake abu, gida ɗaya da “saint”. A dokokin Rumawa “sanctio” shi ne sashen da ke faɗin hukuncin wanda ya karya doka. To abin da ke ba doka ƙarfi shi ne kuma abin da ke cizon mai saɓa mata, daga nan ma'anonin biyu suka rabu. Hanyar da nake bi ita ce in dubi abin da kalmar ta faɗa a kai. In aiki ne ko taro ko wasa, galibi sahalewa ce, kamar wasan da FIFA ta yi “sanction”. In mutum ne ko ƙasa ko kamfani, galibi hukunci ne. In ta zo a jam'i, “sanctions”, kusan kullum hukunci ne. A nan Hausa ta fi Turanci tsabta, don muna da “takunkumi”, abin da ake ɗaure bakin dabba da shi. Mutanen Maraɗi da Katsina ba sa bukatar ƙamus a kan wannan: sun ga yadda aka rufe iyaka aka yanke wuta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, har zuwa Fabrairun 2024 da ECOWAS ta janye takunkuminta. Amma in ka ga “state-sanctioned violence” kada ka ce an sa wa tashin hankali takunkumi. Akasin haka ake nufi: da yardar hukuma aka yi shi.

Ukun ƙarshe ba takarda suke nufi ba, matsayi suke nufi. “Legal” daga Latin “lex” take, “lawful” kuma daga “law”, kalmar da Turanci ya aro daga mutanen arewacin Turai da suka mamaye gabashin Ingila tun kafin Normawa. A yawancin wurare ana musanya su. Inda suka bambanta, “legal” ta fi karkata ga tsari da rubutacciyar doka, har tana nufin duk abin da ya shafi shari'a, kamar “legal adviser”. “Lawful” ta fi karkata ga abin da doka ba ta hana ba kuma yake bisa haƙƙi, shi ya sa ake cewa “lawful order” da “lawful owner”, kuma shi ya sa masu fassara Alƙur'ani da littattafan fiƙihu zuwa Turanci suka fi zaɓen ta ga “halal”. Kowa ya ji “legal tender” a rikicin canjin kuɗi, lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke a 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1,000 su ci gaba da zama kuɗin da doka ta yarda a biya da su.

“Legitimate” ta fi su zurfi, domin tana tambayar ko shi mai ba da izinin yana da haƙƙin bayarwa, kuma ko jama'a sun karɓa. Tarihinmu ya ba mu misalin da ya fi kowane ƙamus. A 1886 gwamnatin Birtaniya ta ba kamfanin George Goldie takardar sarauta da ake kira “charter”, ya zama Royal Niger Company, da ikon mulki da karɓar haraji da ajiye sojoji a yankin kogin Kwara da Binuwai. A dokar Ingila kamfanin “chartered” ne, “authorized” ne, komai nasa “legal” ne. Da aka karɓe takardar, aka biya shi fam 865,000, Lugga ya ɗaga tutar Birtaniya a Lakwaja ranar 1 ga Janairun 1900 a matsayin magajin wannan iko. Amma wa ya ba Landan ikon ba da ƙasar da ba tata ba? Sarkin Musulmi Attahiru da waɗanda suka faɗi tare da shi a Burmi a 1903 ba su ga halacci a cikin wannan takarda ba. Wannan tazarar ce tsakanin “legal” da “legitimate”, kuma ita ce ake nufi yau in an ce zaɓe ya tsallake kotu amma gwamnatin na fama da matsalar “legitimacy”. Ita kalmar “chartered” tana nan da ranta a sana'o'i, kamar akantocin ICAN, cibiyar da dokar majalisa ta kafa a 1965.

Abin da ke ba ni takaici shi ne Hausa ba ta rasa kalmomin da za ta rarrabe waɗannan abubuwa ba. Muna da rajista, muna da lasisi, muna da izini, sahalewa, lamuni, yarjewa, tantancewa, shaida, wakilci, halacci, takunkumi. Muna ma da tsohon tsarin da ya yi kama da “accreditation” tun kafin Bature ya zo: ijaza. Malami ba ya ce wa almajiri “na amince da kai” dunƙule. Yakan ce na ba ka izinin karantar da littafi kaza, kamar yadda na karɓa daga malam wane, shi kuma daga malam wane, har silsila ta kai ga mawallafi. An ambaci mai bayarwa, an ambaci mai karɓa, an ambaci littafin, an ambaci inda ikon ya samo asali. Wanda ke da ijazar Muwaɗɗa ba zai ce ta ba shi Bukhari ba. Al'ummar da ta san wannan bai kamata allo mai kalma biyu ya ruɗe ta ba, in da masu fassara sun yi aikinsu.

Ni dai yanzu in takarda ta zo hannuna, “registered” nakan ce “mai rajista da hukuma kaza”, in ambaci hukumar. “Licensed” nakan ce “mai lasisin yin kaza”, in ambaci aikin. “Approved” nakan ce “an sahale”, in faɗi abin da aka sahale. “Accredited” nakan ce “hukuma kaza ta tantance kwas kaza”, in akwai wa'adi in faɗe shi. Jimlar takan yi tsawo, editoci sukan yi ƙorafi, amma na gwammace haka.

'Yar yayata ta sake farawa daga aji ɗaya a wata makarantar. Ranar da muka je neman gurbi, kafin in buɗe baki ta riga ni. Ta ce wa magatakarda: “Ranka ya daɗe, don Allah a nuna mana takardar hukumar ƙasa ta wannan kwas ɗin, da shekarar da za ta ƙare, da adadin ɗaliban da aka ba ku.” Mutumin ya ɗan dube ta, ya tashi ya buɗe durowa ya ɗauko. Ta karanta ta tun daga sama har hatimi, ta ɗauki hotonta da waya, sannan muka biya kuɗin fom.